Koren Haske a Idon Ɓera: Shekara 15 na Wata Tawagar Bincike Kan Dashen Ƙwayoyin Gani

Wannan nazari ya bi sawun wata tawagar masu binciken ido a birnin Landan daga 2006 zuwa 2021. Tambaya guda suka tashi da ita: idan ƙwayoyin da ke kama haske a cikin ido sun mutu, za a iya zuba sababbi su zauna a gurbinsu har su yi aiki? Sun fara da ƙwayoyin ɓera a idon ɓera, suka ƙare da ƙwayoyin ɗan Adam a idon ɓera. A tsakani, sakamakon da ya yi musu suna a duniya ya rikiɗe a hannunsu, dole suka koma suka sake auna shi.

## Tushen matsalar

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina. Nan ne haske ke zama saƙon lantarki kafin jijiyar ido ta kai shi ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke wannan aiki iri biyu ne, an kuma raɗa musu suna daga siffarsu. Akwai sanduna, masu gani a duhu-duhu, akwai mazurarai, masu ganin rana da launi da rubutu da fuskar mutum. Wata ƙidaya da aka yi a 1990 ta samu cewa idon mutum na ɗauke da sanduna kimanin miliyan 92 da mazurarai kimanin miliyan 4.6. Duk wadda ta mutu a cikinsu ta tafi ke nan, jikin mutum ba ya haifar wata.

Cututtuka biyu ne suka fi cin waɗannan ƙwayoyi. Ɗaya ta gado ce, retinitis pigmentosa, tana kama kusan mutum ɗaya cikin 4,000. Takan fara da dundumi, sai gani ya riƙa tsukewa daga gefe har ya rage ɗan tsakiya. Ɗayar kuwa ta tsufa ce, tana lalata tsakiyar retina inda mazurarai suka fi cunkoso. Abin da ya ba masu bincike ƙwarin gwiwa shi ne, ko bayan makama hasken sun mutu, sauran layukan retina kan daɗe da rai. Ƙwayoyin tsakiya masu karɓar saƙo suna nan, masu fitar da shi zuwa jijiyar ido ma suna nan. Abin da babu shi ne mai fara aiko saƙon.

Ba a gwada irin wannan dashe a kan mutum kai tsaye, don haka aikin ya faɗo kan ɓera. Faɗin idon ɓera kimanin milimita 3 ne, na mutum kuwa kusan 24. Ana sa ɓeran barci da magani, a ɗiga masa maganin buɗe ɗan tsakiyar ido, sannan a ƙarƙashin madubin tiyata a soka siririyar allura ta farin ido har bayan retina. Ruwan da ake turawa maikurolita ɗaya ne ko ɗan fiye, wato ɗaya cikin dubu na mililita. Mai allurar yana kallo retina ke ɗagowa ta yi ɗan bororo, shi ne alamar cewa ruwan ya shiga inda ake so. Bayan 'yan kwanaki bororon ya sace, retina ta koma ta kwanta a kan ƙwayoyin da aka zuba. A Birtaniya dokar 1986 kan amfani da dabbobi a bincike ta wajabta lasisi uku kafin a taɓa ko da ɓera ɗaya: na mai aikin, na aikin kansa, da na wurin da ake yi.

## Nuwamba 2006: gano lokacin da ya dace

Kafin wannan shekara an sha zuba ƙwayoyin tushe, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, a idon dabbobi ba tare da wani abin kirki ba. Ƙwayoyin kan rayu, amma su dunƙule wuri guda ko su ƙi zama makama haske. Tawagar ta yi zargin cewa kuskuren yana ga shekarun ƙwayar da ake dasawa. Sai suka ɗebo ƙwayoyi daga retinar ɓeraye masu shekaru daban-daban, tun daga ɗan tayi har babba.

Domin su gane baƙuwar ƙwaya a cikin ido, sun yi amfani da ɓerayen da aka sa wa sandunansu wani furotin mai ƙyallin kore, GFP, wanda asalinsa daga wata halittar teku aka samo shi. An ɗaure shi da wani umarnin gado mai suna Nrl, wanda ba ya kunnuwa sai ƙwaya ta kama hanyar zama sanda. Ma'ana, duk abin da ya yi kore a ƙarƙashin madubi, sanda ce daga ɓeran da ya bayar.

Sakamakon ya fito a mujallar Nature. Ƙwayoyin ɗan tayi ba su shiga layi ba. Na babban ɓera ma ba su yi abin a zo a gani ba. Amma na jaririn ɓera a makon farko da haihuwa, waɗanda suka daina rabuwa amma ba su gama girma ba, sun ba da hoto mai ban mamaki. Bayan 'yan makonni sai ga korayen sanduna tsaye a cikin layin sandunan mai masauki, wato ɓeran da aka yi wa dashen, kowace da dogon kanta mai kama haske a sama da ƙafarta a mahaɗar jijiya a ƙasa, daidai yadda lafiyayyiyar sanda take. Aka sa wa abin suna shiga layi, kuma yawan korayen ƙwayoyi a cikin layin ya zama ma'aunin nasara a wannan fage na tsawon shekara goma.

Tun a lokacin an hango cikas. Matakin girman da ya yi aiki a ɓera, idan aka kwatanta da mutum, ya faɗo ne a watannin tsakiyar ciki. Babu yadda za a gina magani a kan ɗebo ƙwayoyi daga nan.

## 2007 zuwa 2013: ƙara yawa da gwada gani

A gwaje-gwajen farko korayen ƙwayoyin da ake ƙirgawa a ido guda ɗaruruwa ne kawai, alhali retinar ɓera tana da sanduna fiye da miliyan 6. Shekarun da suka biyo baya sun tafi ne wajen ɗaga wannan lamba. Sun sassauta wani shinge da ke tsakanin wurin allura da layin sanduna, lambar ta hau. Sun yi amfani da wani sinadari mai narkar da tabon da retina ke yi idan tana ciwo, ta ƙara hawa. Sun kuma lura cewa bayan 'yan watanni korayen na raguwa, sai an danne garkuwar jikin ɓeran sannan su daɗe. Da ma an san bayan retina wuri ne da garkuwar jiki ba ta cika kai farmaki ba, amma wannan ya nuna sassaucin nata yana da iyaka.

A Afrilu 2012 suka sake fitowa a Nature da aikin da ya fi kowanne jan hankali. Sun zaɓi wani ɓera mai dundumi na haihuwa. Sandunansa suna nan a raye, cikakku, sai dai furotin guda suka rasa, wanda umarnin Gnat1 ke samarwa, kuma idan babu shi sanda ba ta iya mayar da haske saƙo. Aka zuba ƙwayoyi kimanin 200,000 a kowace allura. Bayan mako huɗu zuwa shida, an ƙirga dubban koraye a cikin layi, a wasu idanun har sama da 20,000. Furotin ɗin da ya ɓata ya bayyana a cikinsu. Da aka kama su ɗaya-ɗaya aka haska musu fitila, sun amsa kusan kamar lafiyayyu. Sashen gani na ƙwaƙwalwa ma ya motsa.

Sai gwajin ruwa. Ana sa ɓera a wani kwarmin ruwa mai reshe biyu, a cikin haske mai rauni ƙwarai. A ƙarshen reshe ɗaya akwai alama a allo, ƙarƙashinta kuma wani dandamali da ke ɓoye a ruwa. Ɓera ya iya iyo amma ba ya son ruwa, saboda haka wanda ke gani zai nufi alamar ya hau, wanda ba ya gani kuwa sai ya yi ta lalube. Waɗanda aka yi wa dashe sun fi 'yan uwansu gano hanya. Gwajin lantarkin ido baki ɗaya bai nuna sauyi ba, aka danganta hakan da ƙarancin ƙwayoyin.

## 2011 zuwa 2013: samun mafitar ƙwayoyi

A daidai wannan lokaci matsalar inda za a samo ƙwayoyi ta fara warwarewa daga wasu wurare. Tun 1998 James Thomson a Wiskonsin ta Amurka ya raini ƙwayoyin tushe na ɗan Adam daga tayin 'yan kwanaki. A 2007 Shinya Yamanaka a Kyoto ya nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fatar babban mutum a mayar da ita ƙwayar tushe. Sannan a 2011 tawagar Yoshiki Sasai a Kobe ta nuna cewa ƙwayoyin tushen ɓera, idan aka bar su suna shawagi a ruwan raino da ya dace, da kansu suke naɗewa su yi siffar kokon ido mai layukan retina. A 2012 suka maimaita da na mutum.

Tawagar Landan ta ɗauki wannan hanya. A 2013 ta nuna cewa sandunan da aka raina a kwano daga ƙwayoyin tushen ɓera su ma suna ba da koraye a cikin layi. A wannan gaɓa kowa ya ɗauka sauran mataki ɗaya: a musanya ƙwayar ɓera da ta mutum.

## Oktoba 2016: koren ba na baƙo ba ne

Akwai wasu abubuwa da tun da wuri ba su zauna daidai ba. Korayen ƙwayoyin sun yi kyau fiye da kima, babu ko ɗaya da ta karkace ko ta tsaya rabin hanya. Ana yawan samun su ne dab da inda tarin ƙwayoyin da aka zuba ya kwanta, kuma idan tarin ya mutu su ma sai su dusashe. A idon da sandunansa suka riga suka ƙare kuwa, ba a ganin wannan kyakkyawan hoto sam.

Tawagar ta shirya gwajin da zai iya rushe aikinta na shekara goma, ta kuma yi shi. Ta samo ɓeran da dukan ƙwayoyin jikinsa ke ƙyallin ja, da wani furotin da aka samo daga murjani, ta zuba masa korayen ƙwayoyi. Idan baƙuwa ce ta shiga layi, za a gan ta kore zalla a tsakiyar ja. Abin da aka samu shi ne mafi rinjayen korayen da ke cikin layi ja ne kuma kore a lokaci guda. Sai aka ɗebo ƙwayoyi daga namijin ɓera aka zuba wa mace, aka bi cibiyoyin korayen ana neman kuromozom Y, wanda namiji kaɗai ke da shi. A yawancinsu babu. An duba ko ƙwayoyi biyu ne suka narke suka zama ɗaya, sai aka ga cibiya guda ce a kowace. An zuba koren furotin tsurarsa ba tare da ƙwaya ba, sandunan mai masauki ba su sha shi ba.

Bayanin da ya rage shi ne, yawancin baƙin ƙwayoyin suna nan kwance a wurin allura, ba su shiga ko'ina ba, suna dai miƙa wa sandunan mai masauki abin da ke cikinsu. Kamar ka hango rigar baƙonka a tsakar gida ka ce baƙo ya shigo, ashe ɗan gida ne ya ara. 'Yan kaɗan ne suka shiga layi da gaske.

Rahoton ya fito a mujallar Nature Communications, wasu biyu ma suka fito a cikinta a wannan shekarar, ɗaya daga Dresden ta Jamus, ɗaya daga Oksfod, kowanne da nasa gwajin, duka a kan matsaya guda. Na Dresden sun yi wa cibiyoyin ƙwayoyin da za su dasa tambari tun kafin allura, suka tarar korayen cikin layi ba su da tambarin. A 2017 wata tawaga a Toronto ta ƙara hujja mai sauƙin gani. Cibiyar sandar ɓera tana da dunƙule guda a tsakiya, ta mazurari tana da ɗigo-ɗigo da yawa. Sun dasa mazurarai, amma korayen da suka fito a layi cibiyar sanda gare su.

Daga nan aka fahimci abin da ya faru a 2012. Ɓeran dundumin ya gani da gaske, ba a ƙaryata gwajin ruwa ba. Sai dai da sandunansa na haihuwa ya gani, bayan sun karɓi furotin ɗin da suka rasa daga baƙin da ke kwance a kansu. Wannan zai amfani idon da ƙwayoyinsa ke raye amma ba sa aiki. Ga idon da ƙwayoyinsa suka mutu, wanda domin shi aka fara aikin, babu wanda zai karɓi aron. Hanyar miƙawar ba ta fito fili ba sai 2021, lokacin da tawagar Landan da ta Toronto, kowace a gefenta, suka nuna wasu siraran bututu da makama haske ke miƙa wa juna, furotin na bi ta ciki.

## 2017: ƙwayar mutum a idon ɓera

Bayan 2016 tawagar ta sauya abu uku a tsarinta: irin ƙwayar da take dasawa, irin ɓeran da take dasa wa, da abin da za ta yarda da shi a matsayin hujja.

Ta koma kan mazurarai na ɗan Adam, domin su ne mutum ya fi dogaro da su. Rainonsu aikin haƙuri ne. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, ƙwayoyinsa ma haka suke sauri a kwano. Ƙwayar mutum kuwa agogon mutum take bi ko da a kwano take. Ƙananan retinonin da ake rainawa, waɗanda ba su fi 'yan milimita ba, sukan ɗauki wata huɗu zuwa biyar ana sauya musu ruwa duk bayan 'yan kwanaki kafin mazuraransu su kai matakin dashe. Idan ƙwayar cuta ta faɗa kwano a wata na uku, sai a koma farko. Da lokaci ya yi, ana sa wa mazuraran koren tambari ta hanyar wani bairos mara cutarwa, a wargaza ƙaramar retinar, a bi da ƙwayoyin ta injin da ke tsince kore ɗaya-ɗaya. Tsincewar tana da wani amfani na dabam: ƙwayar tushe da ba ta gama rikiɗa ba, idan ta kutsa cikin allura, tana iya ci gaba da rabuwa ta zama ƙari.

Amfani da ƙwayar mutum ya kawo wani sauƙi da ba a samu a ɓera da ɓera ba. Cibiyarta ta fi ta ɓera girma, ido ma na iya bambancewa a madubi. Akwai kuma rini da ke kama cibiyar mutum kaɗai, da wanda ke kama injinan makamashin ƙwayar mutum kaɗai. Yanzu kore ya zama shaida ɗaya cikin shaidu, dole sauran su gaskata shi. Aron furotin tsakanin mazurarin mutum da ƙwayar ɓera kuma bai cika faruwa ba.

A rahoton 2017 mazuraran mutum sun rayu a idon ɓerayen da aka danne wa garkuwa da magani. A idon da ya riga ya rasa makama haskensa, sun kwanta dab da ƙwayoyin tsakiya suna nuna alamun girma. Rahoton bai ce ɓerayen sun gani ba. Matsala biyu ta rage. Maganin danne garkuwa ba ya riƙe ƙwayar wani jinsi na dogon lokaci yadda ake so, ita kuwa ƙwayar mutum watanni take buƙata kafin ta nuna. Sannan ba a da hanyar raba amfanin ƙwaya mai kama haske da amfanin zaman kowace irin ƙwaya a wurin, tunda an san baƙuwar ƙwaya kan fitar da sinadaran da ke ɗan farfaɗo da ragowar na gida.

## 2018 zuwa Afrilu 2021: toshe kowace ƙofa

Don matsalar garkuwa, an haɗa jinsin ɓera biyu. Na farko shi ne rd1, mai tangarɗa a umarnin Pde6b, wanda sandunansa ke ƙarewa kusan mako uku da haihuwa, mazuraransa kuma su bi baya a hankali. Na biyu shi ne ɓeran nan mara gashi da ake haifa ba ƙwayoyin T na garkuwa, wanda jikinsa ba ya korar baƙo. Jikokinsu sun fito makafi kuma marasa korar dashe. Irin waɗannan dabbobi sai an ajiye su a keji mai tataccen iska da abinci da ruwa da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, domin ƙaramar cuta na iya kashe su. An jira sai da suka kai wata uku, lokacin da layin makama haske ya ƙare, sannan aka yi allura. Kowane ido ya samu mazurarai 500,000. Aka sake jira wata uku.

Don matsala ta biyu kuwa, sun yi wata dabara da ta fi komai ƙarfi a aikin. Akwai cutar gado da ke hana mutum ganin launi gaba ɗaya, saboda tangarɗa a umarnin CNGB3: mazuraransa suna nan amma ba sa iya aika saƙo. An mayar da ƙwayoyin wani mai wannan cuta ƙwayoyin tushe, aka raini mazurarai daga gare su ta hanya iri ɗaya, aka dasa wa wani rukunin ɓeraye. Waɗannan mazuraran mutum ne, rayayyu, masu fitar da duk sinadaran da ƙwaya ke fitarwa. Haske kawai ba sa isarwa. Idan zaman ƙwaya ne ke kawo sauƙi, rukunan biyu za su yi daidai.

A madubi, mazuraran mutum sun yi shimfiɗa mai kauri a inda layin da ya mutu yake. Sun fara toho da kawunan kama haske, gajeru, ba su kai na lafiyayyen ido tsari ba. Ƙwayoyin tsakiya na ɓeran sun miƙa rassansu cikin shimfiɗar, kuma a inda suka haɗu an samu furotin ɗin aika saƙo a ɓangaren mutum yana fuskantar na karɓar saƙo a ɓangaren ɓera.

Sai gwajin lantarki. Ana ciro retina da ranta a ɗaki mai duhu, a shimfiɗa ta a kan wani ɗan faranti mai ɗimbin ƙananan wayoyi, ruwa mai iskar shaƙa na gudana a kanta, sannan a riƙa walƙa mata haske ana sauraron ƙwayoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Nan ma akwai tarko. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna da nasu sinadarin jin haske, melanofsin, suna amsawa ko da retina ta makance, sai dai amsarsu a hankali take zuwa ta kuma daɗe. Amsar da aka samu ƙarƙashin dashen mai sauri ce, wasu ƙwayoyin na harbawa idan fitila ta kunnu, wasu idan ta mutu, kamar yadda lafiyayyiyar retina ke yi. Da aka zuba maganin toshe mahaɗun jijiya amsar ta ɗauke, wato ta mahaɗa take bi. A gwajin ɗabi'a an yi amfani da halin ɓera na gudun haske: akwati mai ɗaki biyu, ɗaya da fitila ɗaya duhu. Makahon ɓera ba ya bambancewa. Waɗanda suka samu lafiyayyun mazurarai sun fi zama a duhu.

Rukunin da ya samu mazurarai masu tangarɗa ƙwayoyinsu sun rayu su ma, amma babu wannan amsa a faranti, babu sauyi a akwati. Rahoton ya fito a mujallar Cell Reports a Afrilu 2021. Shekara guda bayan haka tawagar Dresden ta ba da rahoton mazuraran mutum da suka ratsa cikin retinar wani jinsin ɓera dabam suka ci gaba da girma har wata shida.

## Hukunci

A ganina abin da ya gaza daga 2006 zuwa 2016 ma'auni ne. Allurar ta yi daidai, ƙirgar ta yi daidai, ɓeran ma ya gani. An dai ɗauki tambari a matsayin ƙwaya, ba a zurfafa tambayar ko tambarin na iya tashi daga wata ya sauka kan wata ba, domin babu wanda ya san makama haske na yin haka. Abin da zan ɗora wa fagen baki ɗaya shi ne jinkiri. Jan ɓera da binciken kuromozom Y duk suna nan tun kafin 2016, kuma kyawun hotunan kansa ya isa ya sa a yi gwajin da wuri. Ɗakunan bincike da dama sun kashe shekaru da dabbobi masu yawa suna ɗaga lambar da, daga baya, ta zama lambar aro. Duk da haka ina girmama tawagar da ta gwada aikinta da hannunta ta kuma buga abin da ta gani da sunanta.

Aikin 2021 ya tsaya da ƙafarsa ne saboda an zaɓi idon da babu mai karɓar aro a cikinsa, aka zaɓi ƙwayar da ba za a rikita ta da ta gida ba, aka kuma kawo abin kwatanci da ya yi kama da maganin ta kowace fuska ban da guda. Wannan rukuni na mazurarai masu tangarɗa ya ci watanni da kuɗi daidai da na ainihin gwajin, kuma ba domin shi ba da sakamakon ya zauna cikin shakku irin na baya.

Iyakar abin da aka tabbatar ita ce: mazurarin mutum da aka raina a kwano yana iya haɗuwa da retinar da ta makance ya aika saƙon haske. Bambance ɗaki mai fitila da mai duhu ya yi nisa da karatu ko gane fuska. Kashi 97 cikin 100 na makama hasken ɓera sanduna ne, ba shi kuma da wannan tsakiya mai cunkoson mazurarai da mutum ke karatu da ita, saboda haka akwai tambayoyin da sai idon biri ko na wata babbar dabba zai amsa. Ɓeran gwajin ba shi da garkuwar da za ta kori dashe, majiyyaci yana da ita. Koren tambari na bairos ma ba za a sa shi a idon mutum ba, sai an koma tsince ƙwayoyi da alamomin da ke fatarsu, irin su CD73. A Kobe, inda aka bi ta idon biri tukuna, an dasa wa mutum biyu masu retinitis pigmentosa ƙananan faifan retina daga ƙwayoyin tushe tun daga 2020. Rahoton 2023 ya ce dashen ya rayu shekara biyu ba tare da wata babbar illa ba, amma ƙaruwar gani kaɗan ce.

Ina jaddada wannan tazara ne saboda akwai masu sayar da ita kamar an riga an cike ta. A 2015 wasu mata uku masu cutar retina ta tsufa sun biya dala 5,000 kowace a wani asibitin kuɗi a Fulorida, aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka tato daga kitsen jikinsu a ido biyu rana ɗaya, da sunan maganin ƙwayoyin tushe. Babu gwajin dabba da ya nuna wannan zai yi aiki. Rahoton likitocin da suka karɓe su daga baya, wanda ya fito a Maris 2017, ya nuna retinarsu ta ɓalle, dukansu sun yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya.